Gidan da Na Tsallake

Ku yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya, wannan ɗin ma sau uku ina yage shi.

Bara ne Likita Ruth ta zo Yelwa da mutanenta binciken farfaɗiya. Ta ce masu zuwa asibiti duk 'yan gari ne, mu mutanen gungu, wato tsibiran cikin kogi, ba a ganinmu sai an kawo mu a ƙone ko an tsamo mu daga ruwa. Tana so kowane gungu ɗansa ya bi gida-gida, da harshen gida, ya rubuta masu ciwon. Inda aka samu, nan za a riƙa kai magani a jirgi duk wata. Ni aka ba gungunmu, don ina jin Gunganci kuma na gama sakandare.

Ko'ina na shiga sai a ce lafiya lau. Namu na bari a ƙarshe, don yayata Tabawa tana faɗuwa tun tana ƙarama.

Inna na ganin littafin da nake rubuta sunaye ta ajiye tsintsiya.

"Mi za ki rubuta?"

"Inna, magani za su kawo mata."

"Magani! In aka ji a kasuwar Yelwa, wa zai ƙara sayen bandarta? Cewa za su yi miyaunta ya taɓa kifin."

"Likita ta ce ba a ɗauka..."

"Likitar ce ka saye?"

Tabawa na juya kifi bisa wuta, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malama Mansura, tsallake mu ki tai gaba." Da dariya ta faɗa. Ban ja ta gefe na sake tambaya ba. Na tsallake.

Bayan wata huɗu ciwon ya kayar da ita a kan wutar banda. Har yau yatsunta na dama ba sa miƙewa.

Ranar bayyana sakamako aka tara mu a makarantar firamare. Likita ta kafa taswira: gungu shida za su samu jirgin magani, namu babu mai ciwo ko ɗaya. Maza suka ce Alhamdulillahi, har da tafi.

Maƙwabciyarmu Altine ta matso kusa da kunnena. "Ke muka zuba wa ido," in ji ta. "Gida huɗu ke da mai ciwon. Da kin rubuta taku, da mun ba ki namu."

Likita ba ta yi tafi ba. Ta daɗe tana kallon taswirar, sannan ta ce abin ya ɗaure mata kai, ko wadda ta yi aikin tana nan?

Na dubi layin mata. Tabawa ta cusa hannunta cikin mayafi, Inna ta sunkuyar da kai. 

Kafin a fara waige-waige na ɗauki takalmana a hannu, na bi ta bayan aji, na gangara bakin ruwa.