Kwano Mai Jan Fenti

Laifin Badamasi ɗaya ne, bakinsa ba ya riƙe magana. Ya je asibiti a Bagudo zai ba ƙanwarsa jini, aka auna aka ce a'a, yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Shi kuwa ko ciwon kai ba ya yi. Likita ta zaunar da shi ta ce ta jini ake ɗauka: aska, reza, allurar da wani ya yi amfani da ita, ko kwanciyar aure, ko uwa ta ba jariri wurin haihuwa. Ban da abinci, ban da zufa. Ya riƙa zuwa awo duk wata shida, in hanta ta fara wahala a ɗora shi kan ƙwaya. Ya bar jiƙe-jiƙe, ya kawo iyalinsa a auna su a yi musu rigakafi.

Mai wayo sai ya kama bakinsa. Gogan naka kuwa, yana isa garinsu Zagga ya zazzage labarin kaf a wurin ciyayya, ƙofar gidan amininsa Arzika, inda tun suna samari suke haɗa tuwo su ci kwano ɗaya. Wai shi mai tausayi, yana so kowa ya je a auna shi.

Arzika ya zare hannu daga miya kamar ya taɓa garwashi. Shi fa babban masani ne, don ya taɓa sauke buhunan albasa a bayan wani asibiti a Benin.

"Badamasi, wanga ciwo ko inuwarka munka taka sai ya kama mu," in ji Arzika. "Mi likita ta sani?"

Washegari aka fito masa da kwanonsa shi kaɗai, an shafa masa jan fenti a gindi don kada a yi kuskure, aka shimfiɗa masa tabarma can gefen garu. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ba ciwon ba, wallahi, tuwon da yake haɗiya shi kaɗai yana jiyo dariyarsu.

Su kuwa masu tsabta, ranar kasuwar Tsamiya sai su jeru gaban wanzami, aska guda ta bi kawunansu ɗaya bayan ɗaya, in ta yanki wannan a goge a tafin hannu a ci gaba da wancan. Badamasi ya sayi sababbin reza ya raba musu kyauta. Arzika ya ƙi karɓa, ya ce ai daga hannun mai ciwo ta fito. Kai jama'a, ilimi kogi!

Badamasi ya ci gaba da zuwa awonsa. Aka auna matarsa Salamatu da yara, aka yi musu rigakafi. Damina ta zo ya nome gonarsa, har ƙiba ya yi, abin da ya ƙara ba majalisa haushi.

Bayan girbi idon Arzika ya yi rawaya. Ya ce ciwon shawara ne kawai, ya tsallaka iyaka ya dawo da jarkar jiƙo mai maganin cuta arba'in. Sai da cikinsa ya kumbura aka ɗauke shi zuwa asibiti. Ciwon nan ne dai, ya daɗe a jikinsa ba wanda ya sani, kuma ya riga ya yi wa hanta ɓarna. Aka ɗora shi kan magani, aka ce da ya zo da wuri da abin bai kai haka ba.

Majalisa, da yake almajiran kirki ne, ba su manta karatun malaminsu ba. Ranar da Arzika ya dawo suka kwashe tabarminsu suka koma ƙofar wani gida.

Badamasi ya iske shi a zaure, ya rame, an ajiye masa tuwo nesa kamar na mai gadi. Ya so ya yi masa gori, ya ma shirya kalmomin tun daga gida, sai ya fasa. Ya ajiye kwanon nan mai jan fenti a tsakaninsu, ya haɗa tuwonsa da na Arzika a ciki, ya wanke hannu.

"Ba ka jin haushina?" in ji Arzika.

"Ina ji mana, sosai. Amma tun bara nike gaya maka ba cikin tuwo yake ba. Sa hannu, yana hucewa."