Gawar da ke Malibago

Perlita ta cire silifas ta zura a hannu, don taɓon hawan nan ba ya barin takalmi a ƙafar kowa. A bayanta Soling, yayar mijinta, tana haki tana tsine wa wanda ya fara fitar da wannan hanya. Da teku ta lafa, ai ɗan zagaye ne a kwalekwale daga ƙauyensu Tinago zuwa Malibago. Amma tun da guguwa ta wuce ba mai gangancin sa jirgi a ruwa, ga shi da sassafe saƙo ya zo cewa ruwa ya turo gawar wani masunci gaɓar Malibago, an rasa wanda ya san shi. Berting, mijin Perlita, yana cikin masuntan da ba su dawo ba.

Hanya ce ta awaki, ba ta mutane ba. Hagu dutse, dama rami, can ƙasa ruwa na dukan duwatsu kamar ana sussuka. Da rarrafe suka hau, suna kama ciyawa tana yankar musu tafin hannu. Perlita ba ta yarda ta dubi ƙasa ba ko sau ɗaya. Ba faɗuwa take tsoro ba, tsoro take ta hango wani abu yana yawo a kan ruwa.

A saman tudun hazo ya rufe su. Suka tsallake wata bishiyar kwakwa da iska ta tumɓuke, suka yi ta tafiya, sai ga su gaban bishiyar nan dai. Soling ta yi alamar gicciye a ƙirji. Ta ce masu dajin ne suka juya musu hanya, don sun shigo ba su nemi izini ba, kuma maganin abin kowa ya san shi: a juya riga. Nan suka tuɓe cikin sanyi, suka mayar da rigunansu ciki waje, suna ba da haƙuri ga waɗanda ba a gani. Perlita ta kasa zura tata har sai da Soling ta taya ta, tana cewa mace har mace amma sa riga ya gagare ta.

Suka sake kama hanya, Perlita a gaba. Da suka zo mararraba, ga gangaren Malibago a fili, makaho ma ya gane shi, amma ta karkata ta nufi sama. Soling ta riƙo hannunta.

"Ke Perlita, tun kina yarinya kike kai busasshen kifi ta nan. Masu daji ba ruwansu, alhakinsu muka ɗauka. Ke ce kike zagaye da mu."

Perlita ta tsaya tana kallon gangaren. Ita kanta ba ta san tana yi ba sai yanzu, sai kuwa hawaye.

"Yaya, muddin ban isa ba, yana da rai."

Soling ta saki hannunta. Ta wuce gaba, suka gangara da zamiya a zaune.

A Malibago mutane suka ga mata biyu da riguna a juye, laka har wuya, ba wanda ya yi dariya. Aka kai su ƙaramin cocin da aka kwantar da gawar ƙarƙashin tamfol. Perlita ta ɗaga gefensa, ta ga kai fari fat da furfura. Ba Berting ba ne. Daɗi ya kama ta har ta ji kunyar tsohon da ke kwance, ta durƙusa ta yi masa addu'a.

Tana cikin shan ruwa mai garin ya matso, yana murza hula. Ya ce bai so faɗa ba, amma ɗazu aka aiko cewa wata gawar ta fito a ƙauyen da ke bayan wancan tudun, kuma wannan ba tsoho ba ne.

Soling ta gwada miƙewa, ƙafa ta ƙi. Perlita ta ajiye kofin, ta dubi tudun, wanda ya fi na baya tsawo.

"Ki huta, Yaya," in ji ta. Sannan ta juya ga mai garin. "Ku haɗa ni da wanda zai shige gaba. Kada ku bar ni in ja hanya."