Ƙwayoyi a Gwangwanin Maɓallai

Maɓalli Yaya ta je nema a cikin gwangwani, sai hannunta ya fito da ƙwayar magani. Ta zazzage shi a kan teburin yankan yadi. Ga su nan farare birjik, sun saje da maɓallan riga.

Auta tana kan keken ɗinki, ta ji zubowarsu, ta ƙi ɗagowa. Ai ta san abin da ta shuka. Tun tana firamare take fama da farfaɗiya, kuma tun rasuwar mahaifiyarsu Yaya ce ke miƙa mata magani kowace safiya, har bayan aurenta, da zarar sun buɗe shago. Yaya kuwa akwai naci, sai ta ga an haɗiye take juya baya. Shi ya sa Auta ta koyi maƙale ƙwayar a kumatu, daga baya ta tofar.

"Auta, mene ne wannan?"

"Ciki gare ni, Yaya."

Farin ciki ya leƙo fuskar Yaya, bai ko zauna ba ya koma. Shekara nawa suna roƙon Allah wannan ranar.

"A waya na gani," in ji Auta, "wai irin maganin nan yana taɓa ƙashin bayan jariri tun yana gudan jini. Sati biyu ke nan ban sha ba."

"Ke da ke zama gaban allura, ga dutsen guga a gefenki, ga titi kina tsallakawa ke kaɗai? Mijinki ya sani?"

"Yana hanya da mota. Ban so hankalinsa ya rabu biyu."

Yaya ta ajiye gwangwanin. Ta kashe dutsen guga, ta ja ƙofar shago, ta tare musu tasi.

A bencin asibiti tsoro ya kama Auta sosai. Fitilar silin tana ƙyaftawa, ita kuma ta san ciwonta ba ya shiri da irin wannan hasken. Ta sunkuyar da kai, ta dafe mararta da hannu biyu. In dai don wannan ɗan abin ne, gara ta faɗi sau goma.

Likitar dattijuwa ce, ba ta da gaggawa. Ta tambayi rabon Auta da al'ada, ta tambayi ranar da ta daina shan magani, sannan ta cire tabarau.

"'Yata, ƙashin baya da ƙwaƙwalwa daga wani siririn bututu suke farawa. A buɗe yake fitowa, kamar yadi kafin a haɗa ɗinki, sai ya naɗe ya rufe kansa. A makonnin farko ake wannan aikin, lokacin ɗan bai kai ƙwayar shinkafa ba, uwar ma ba ta san da shi ba. Naki ya wuce nan tun kafin ki daina."

"Ya rufe ke nan?"

"Ko ya rufe daidai, ko ya bar wani wuri. Sai ya ƙara girma hoto zai nuna mana. Akasari lafiya lau ake haifarsu, kada ki ɗora wa ranki. Amma faɗuwa ɗaya tana iya raba ki da shi, ko ta raba mu da ke. Zan canja miki wani maganin a hankali. Na yau kam, yanzu za ki sha."

Auta ta sauke hannayenta daga mararta. Ashe ƙofar da take ta gadi da ranta, mai shiga ya riga ya shige.

A baranda Yaya ta buɗe jaka ta ɓallo ƙwaya ɗaya, amma hannun ya ƙi miƙuwa. Ta dunƙule shi a ƙirji. Matar da ko a rasuwar mahaifiyarsu ba a ga hawayenta ba, yau ga shi yana bin kumatunta.

"Duk makonnin farkon nan ni na riƙa ba ki," ta ce. "Ina tsaye a kanki sai kin haɗiye."

Auta ta kama hannun yayarta, ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki ƙwayar.

"Ba ni ruwa, Yaya. Na fara jin ɗanɗanon ƙarfen nan da ke zuwa kafin in faɗi."