Kwanar Mai Allura

Tun da na bar tukunya a kan wuta ta ƙone ƙurmus, sunana ya koma "mai jiki". Ina zaune a falona, a kan kujerata, sai surukata ta shigo ta dubi 'yata ta ce, yaya mai jiki? Kamar ni ɗin na yi tafiya. Ni kuwa ba inda ke min ciwo, ƙafata ta fi ta surukar tawa ƙwari. Likita ya duba ni ya ce mantuwa ce irin ta tsufa, kuma ba baya za ta yi ba, gaba za ta yi. Ban musa masa ba. Ni ma aikin asibiti na yi har na ajiye, na san abin da na gani a jikin wasu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a naɗe ni a ajiye tun ina numfashi.

Babban ɗana, wanda kowa ke kira Injiniya, shi ya yanke hukunci. Ranar Asabar zan koma gidansa, ɗaki a ƙasa, mai gadi a ƙofa, ba fita sai da direba. Ya faɗa min da taushin murya yana shafa min hannu, irin yadda nake yi wa yara kafin in tsira musu allura. Na ce masa to. Ranar Laraba da safe na ɗauki jakata, na kashe wayata, na nufi tasha.

Ba yawon banza na fita ba. Akwai wani ɗan ƙaramin gari da aka fara tura ni aiki ina yarinya, can na haifi Injiniya, can kuma na bar aminiyata, matar telan garin, wadda katanga ɗaya ta raba mu. Ita ta goya min shi a bayanta duk ranar da nake asibiti. Labari ya iso ni cewa idonta ya tafi. Na ce ita ido ya tafi, ni kai na tafiya, gara mu haɗu tun da sauran abin da za mu haɗa. Kuma na ƙudura a raina, in na kai kaina ƙofarta ba wanda ya riƙe min hannu, to zancen Asabar sai mun sake zama. In kuwa na ɓace a hanya, shi ke nan Injiniya ya ci ni, ba ni da bakin magana.

A cikin mota abin ya fara. Ina shirya yadda zan kira ta daga bakin ƙofa, sai na nemi sunanta na rasa. Ba sunan yanka ba, wannan ba wanda ya taɓa kiranta da shi. Sunan tsokana ne da ni na raɗa mata da bakina, har garin duka ya ɗauka. Ga fuskarta ina gani, ga wushiryarta, ga yadda take dariya tana dafe da ciki, amma sunan ya ƙi. Na juya shi, na lallashe shi, na zage shi. Matar da ke kusa da ni ta tambaya ko lafiya nake magana ni kaɗai, na ce mata addu'a nake yi.

Da direba ya tsaya ya ce an iso, sai da na yi musu da shi. Garin da na sani hanya ɗaya ce ta ƙasa da rumfuna kaɗan. Wannan kuwa kwalta ce, shaguna jere da ƙofofin ƙarfe, ga wani dogon ƙarfen waya ya tokare sama. Direban ya rantse min nan ne, ya sauke min jakata ya ja motarsa. Na tsaya a bakin titi ban gane ko dutse ɗaya ba.

Akwai mai shayi a gefen tasha, mutum mai furfura kaɗan a gemu. Ya ce sannu da zuwa baƙuwa, wa ake nema? Na buɗe baki sunan bai zo ba, sai na wayance na ce gidan tela mai ɗingishi. Ya ce ai tela ya daɗe da rasuwa, amma gidan yana nan, tsohuwar ma tana nan. Ya ce bari ya rufe tukunyarsa ya raka ni. Na ce ya yi zamansa, ba rakiya na tambaya ba, kwatance na tambaya.

"To Iya, ki miƙe har bakin rijiya," ya ce yana nuni da cokali. "Daga nan ki bi ta gindin durumi. In kin zo Kwanar Mai Allura sai ki yi hagu, ƙofa ta ƙarshe."

Sunan kwanar nan ya ɗan taɓa ni, amma ban tsaya tunaninsa ba, tsoro nake kada kwatancen ya zube kafin in kai. Na tafi ina maimaitawa, rijiya, durumi, kwana, hagu.

Na miƙe har shaguna suka ƙare na fara ganin gonaki. Babu rijiya. Na dawo ta ɗaya gefen ina leƙa kowane lungu, babu rijiya, babu durumi, babu ma wata bishiya mai inuwar kirki. Na sake komawa. Rana ta take, jaka ta yi nauyi, mutanen da na wuce ɗazu sun fara bi na da ido. A nan ne tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Na ce ko dai mutumin bai ce rijiya ba ne, ni na ƙirƙiro? Ko kuwa ga rijiyar nan a gabana, kaina ne ya daina gane mece ce rijiya? Na taɓa ganin haka a asibiti, dattijo na riƙe da kofi yana tambayar ina kofi.

Na samu benci a gaban wani shagon cajin waya na zauna. Na ciro wayata daga jaka na riƙe. Dannawa ɗaya kawai, Injiniya zai zo ya kwashe ni, ba zai ma yi faɗa ba, shafa min hannu zai yi. Wannan shafar hannun da na tuna ce ta sa na mayar da wayar cikin jaka.

Mai shagon, wata mata da goyo a baya, ta leƙo ta ce Iya ko caji za a yi? Na ce a'a. Ta ce ta ga ina ta kai da kawowa, me nake nema? Na cije na ce rijiya.

Ta yi dariya har goyon ya farka. Ta ce ai a kanta nake zaune. Tun kafin a haife ta aka cike rijiyar, da aka kawo famfo, ubanta ya gina shago a wurin, amma har yau ko saƙo za a aiko mata bakin rijiya ake cewa. Na ce durumin fa? Ta ce iska ta kayar da shi tana ƙarama, yanzu injin niƙa ne a wurin, amma wa zai ce injin niƙa? Gindin durumi ne.

Ashe ba kaina ne ya lalace ba, mutanen garin ne ba sa sakin suna. Na gyara zama na ce, to Kwanar Mai Allura fa?

Ta ce wata ma'aikaciyar asibiti ce ta taɓa zama a wurin tun zamanin kakanninta. An ce masifaffiya ce ta ƙarshe, in mutum ya gudu wa allura har gona take bin sa. Ta ce ai ta daɗe da mutuwa.

Na ce Allah sarki. Na ce amma wanda ya ba ta labarin ya rage, don matar nan har daga kan bishiya ta taɓa sauko da wani ƙato. Ta ce ashe na san ta? Na ce sama-sama.

Na tashi na juya wa rijiya baya, kamar yadda nake yi a da in na ɗora tulu a kai. Na daina kallon shaguna. Ƙafata ta san daga nan hanya gangarawa take, ta kuwa gangara, kwalta ba ta iya ɓoye wannan ba. Na wuce injin niƙa yana ta ruri, na gaishe da durumi a raina. Kwanar na nan yadda na bar ta, sai dai ɗakina ya zama ma'ajiyar siminti, tagar da nake miƙa wa aminiyata yaro an toshe ta da bulo. Na yi hagu. Ƙofa ta ƙarshe har yanzu sai ka sunkuya.

Na yi sallama. A inuwar katanga wata tsohuwa ce zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta cika tabarmar fam. Ni siririya na bari, wadda iska ke kaɗawa. Ta ɗago fuska ba ta kalli inda nake ba, ta ce wace ce? Na ce baƙuwa ce.

"Baƙuwa ba ta sallama kamar ta zo kama ɓarawo," ta ce. "Barkono, shigo."

Rabon da a kira ni haka na manta. Na zube kusa da ita, ta lalubo fuskata da hannu mai ƙurar gyaɗa, muka yi kuka ba kunya. Ta ce na tsufa. Na ce da wane idon ta gani? Ta ce da yatsa, fuskar duk kunya-kunya kamar gona. Na ce ita kuma wa ta cinye?

Da muka natsu na faɗa mata komai, tukunya, likita, Asabar. Sannan na faɗi wanda ya fi min ciwo, na ce na taso musamman in kira ta, sunan da na raɗa mata ya zube min a mota. Na ce ta faɗa min. Ta murza ɓawo, sannan ta ce ba za ta faɗa ba. Ni na ba ta, in ina so in nemo abina. Na ce wannan mugunta ce. Ta ce in zauna in taya ta ɓara, zai zo.

Muna cikin ɓara na kunna wayata don in gaya wa 'yata ina raye. Kafin in danna komai kiran Injiniya ya shigo. Ashe ya bi tasha yana tambaya har ya samu direban, ya biyo ni da motarsa. Ya ce yana cikin garin, an ce masa ya miƙe har rijiya, ya zagaya ya sake zagayawa babu wata rijiya, mutanen nan ko dai wasa suke masa. Na ce ya nemi shagon caji ya zauna a benci, kada ya motsa, ga ni nan zuwa.

Na same shi tsaye, rigarsa ta jiƙe, idonsa ja. Tausayinsa ya kama ni, don na san ba ƙiyayya ce ta sa shi abin da yake yi ba. Ya ce Mama kin san halin da kika saka mu? Ya miƙo hannu zai kama nawa, na ɗauke.

Na ce masa Asabar ba inda za ni. A cire min tukunyar gas in ana tsoron wuta, a kawo mai taya ni kwana, duk na yarda. Ranar da na ga abin ya fi ƙarfina ni zan ce a zo a ɗauke ni, in kuma na kai ga ba na iya faɗa da bakina, ya zo ya ɗauka ba sai ya tambaye ni ba. Sannan na buga ƙafa a ƙasa.

"Ka san a kan me kake tsaye? Rijiya ce. Ba ruwa, ba rami, ba guga, amma ba wanda ya canza mata suna. Ni ina nan da raina kun mayar da ni mai jiki."

Mai shagon, da ta kasa kunne tun ɗazu, ta tambaye shi wace ce wannan Iya. Na ce mata marigayiya Mai Allura ce, ta gaida mutanen gida. Na bar ta baki buɗe na yi gaba.

Yana bi na a baya wayarsa ta yi ƙara, matarsa ce, ina jin muryarta tana tambayar an ga mai jiki kuwa? Sai na ji ya ce, Mama ce, ga ta a gabana, ita ke nuna min hanya. Ban waiwaya ba, kada ya ga fuskata.

Da muka shiga gidan, aminiyata ta tashi ɗauko wa baƙo kujera a ɗaki. Ƙofar ɗakin tun ta zamanin tela ce, 'yar siririya. Sai ga ta ta karkace tana fitowa ta gefe, kujera a gaba, ita a tsakiya, ƙofa ta riƙe ta gam, tana ta nishi tana zagin wanda ya gina. Na tuna yarinyar da ke ratsa ƙofar nan da Injiniya a bayanta da tire a hannu ba ta taɓa ko gefe ba. Dariya ta ƙwace min, sunan ya biyo ta.

"Tsinke!"

Ta tsaya cak a cikin ƙofar, wushiryar ta fito. Ta juya fuska wajen da take jin numfashin Injiniya ta ce, kai ɗan nan, ka ji shi ko? To ka riƙe mata.

Na ce ba yanzu ba, yau a hannuna yake. Ya je dai ya ciro ta daga ƙofar.