Dogo Ya Wuce Gusau

…kuma ba ma ƙafafun ba, wuyan. Wuyan ne abin mamaki. Yana juya shi hagu, yana juya shi dama yadda ya ga dama, babu abin da ke zamewa daga ka, babu madugun da zai daka masa tsawa daga baya. Arzika yana taka feda, raɓa tana jiƙa masa ƙafar wando, gonakin dawa suna wucewa… su ne ke wucewa, shi a zaune yake. Mutum yana tafiya a zaune. Wa zai faɗa masa haka a da ya yarda?

Shekara nawa ya yi yana dako a kan wannan hanyar? Gammo a ka, buhu a kan gammo, ido a dugadugan na gaba. Har gashin tsakiyar kai ya ƙare. Ya san kowane dutse tsakanin Tsafe da Gusau da tafin ƙafarsa, amma bai taɓa sanin wancan rimin yana da rassa haka ba — ga shamuwa ma ta yi sheƙa a kai — saboda ɗan dako ba ya ɗaga kai. Gindin bishiya kawai ya sani. Gindin rimi, gindin tsamiya, gindin ɗorawa, inda ake sauke kaya a miƙe baya. Ashe duk suna da sama.

Rana tana fitowa ta bayansa. Ga inuwarsa can gaba, doguwa, siririya, mutum da keke a haɗe kamar wata dabbar da ba a raɗa wa suna ba. Yana bin ta, tana gudu. Da yamma ma haka ne, in ya juyo gida rana ta koma bayansa, inuwar ta sake shiga gaba… ba ta taɓa bari ya riga ta ba ko sau ɗaya. Yana dariya shi kaɗai. Babu laifi, ki je, ki ce musu ina tafe.

Tabarmar ce ke ƙara a baya. Kacau, kacau, duk lokacin da taya ta faɗa rami. Ba shi ya ɗaura ta ba. Ya fito daga masallaci ya tarar matarsa Ma'u ta riga ta naɗe ta, ta ɗaure a kariyar bayan keke da igiyar rama, ga ƙullin dawo a cikin ganye, ga goran ruwa. Ba ta dube shi ba. Tana gyara ɗaurin zani tana cewa, "Malam, ka kwana can. Ɗakin nan ba gudu zai yi ba. Ka taho ranar hutu mu gan ka da rana." Mu gan ka da rana… A'a, ba yanzu ba. Ga hawa nan gaba, a bar wannan tukuna.

Taka. Taka. Tashi daga sirdi. Sarƙa tana kuka, tana son man gyaɗa, jiya ya manta.

Da aikin dogo ya zo ƙasar Tsafe ai a bakin ƙofa yake. Turawa da ma'auninsu, lebura kamar tururuwa, ana sare daji ana zuba ƙasa, ana shimfiɗa ƙarfe biyu da ba sa haɗuwa. Aka ce jirgin ƙasa zai bi, ya kwashe gyaɗa da auduga, 'yan dako su nemi abin yi. Wasu suka yi ta zagi. Shi kuwa ya jefar da gammo a kan dangar gida, ya je ya ce a rubuta shi. Ya kwashe mana, ya kwashe duka, har da na kakanni. A lokacin daga wurin aiki yana hango hayaƙin murhun Ma'u. Sai ƙarfen ya matsa. Ya ɗan ƙara matsawa. Tafiyar shan ruwa ta zama tafiyar hantsi, ta zama sai an yi sammako… sai wani akawu da aka mayar Zariya ya ce wa ke son keke? Jaki ya tafi, rago ya bi shi. Dattawan gari suka ce Arzika ya haukace, ya ba da abin da ke haihuwa ya karɓi abin da ke tsatsa. Alhali jakin namiji ne.

Gonar gyaɗar maƙwabci ce ta sha faɗuwarsa. Sau nawa? Gwiwa duk ta ɗaye. Ma'u tana tsaye a bakin danga da cikin Luba, tana riƙe da ƙugu, dariya ta hana ta numfashi, tana cewa, "Don Allah ka bari, za ka sa in haihu nan." Sai wata yamma abin ya tsaya da kansa. Bai san me ya yi ba. Ƙasa ta sake shi kawai…

Ga kan tudu. Ga dutsen Kwatarkwashi can, rana ta taɓa kansa, gindinsa har yanzu shuɗi. Daga nan gangara ce.

Yanzu. Yanzu ne.

Ya daina takawa. Ƙafa biyu a kan feda, shiru, iska ta shiga ta wuyan riga ta kumbura ta kamar salka, hula tana neman tashi, hawaye suna gudu zuwa kunne, ba na kuka ba. Tsakuwa tana tsalle. Zabi sun watse cikin ciyawa. Labbo, kana gani? Kana ganina? Nan ne fa, nan ne inda muke tsoro, gangarar da ke karya gwiwa in kaya na kai, kana gaba kana cewa a hankali, a hankali, Arzika, kada ka tura ni. Dubi yadda nake saukarta. Ko doki… wane doki? Doki sai an ba shi dawa, sai ya yi zufa, sai ya ga dama. Wannan ba ya tambayar komai.

Labbo, abokin dakonsa, bai ga keke ba. A wani zango ya kwanta, can hanyar kudu, ya ce kansa na sarawa, da safe babu shi. Babu wanda ya san sunan garinsu. Aka tona, aka rufe, aka raba kayansa a kan sauran kawuna, aka ci gaba. Rabin buhunsa Arzika ne ya kai shi. A wannan tafiyar ce ya ce wa ransa: in Allah ya ba ni ɗaki, ɗaki nawa, mai ƙofa, ba zan ƙara kwana a zango ba. In mutuwa za ta zo ta same ni inda aka san sunan ubana. Kuma ya samu. Shi ya kwaɓa ƙasar, shi ya yi jinkar, shi ya saƙa asabarin. Ƙamshin ɗakin ma daban — hayaƙi, man shanu, wuyan jaririya.

Ƙararrawa. Kiling, kiling. Ga Dije mai nono da ƙwaryarta a ka, ta fito daga ruga za ta gari, kullum a nan suke haɗuwa, a gindin kanya. Ta matsa gefe ba tare da ta juya kai ba — ya san wannan, ya san yadda ake magana da ido kawai in kaya na kai.

"Malam Arzika, yau ma wa ke korarka?"

"Ba kowa, Inna. Ni ke kora."

"To ka gai da abin da kaka kora."

Ta riga ta zama ƙarama a baya. Yana so ya ce mata, Inna, bishiyar da kike wucewa ƙarƙashinta kullum ta yi 'ya'ya har sama. Wata rana zai tsaya ya faɗa mata. Wata rana… in akwai wata rana a wannan hanyar.

To ga shi ta dawo, maganar. Helma Sabiru ne, shugaban lebura, jiya, bayan an tashi, ya ja shi gefe, ya kare baki da hannu kamar mai jin kunya. "Arzika, dogo ya wuce Gusau. Gobe za mu tada sansani mu shiga ƙasar Bungudu. Kullum sai hantsi kake isowa, Bature ya fara tambaya. Na gaji da ce mai kana bayan gari. Ko ka zo da tabarmarka, ko mu yi sallama da mutunci." Mutumin kirki ne. Ba shi ya auna hanyar ba.

Sansani. Bukkoki a jere, maza goma ƙafa da kai, tuwon saye, tari cikin duhu. Zango ne, an dai canza masa suna.

Amma kuma… yaushe rabon da ya ga idon Luba a buɗe? Yana fita tana barci. Yana isowa bayan an yi lisha, cinyoyi kamar an daka, tana barci. Sai ya durƙusa ya sa hanci a wuyanta. Ma'u ta ce ta fara tsayuwa, tana kama turmi ta miƙe, ta saki, ta faɗi da gindi ta yi dariya. Ta ce haƙori ya fito, biyu a ƙasa. Labari ake ba shi, kamar ɗiyar wani gari. To don wa yake wannan tafiya? Don ɗaki? Ɗakin da yake shiga kamar gawa ya fita kamar ɓarawo?

Don ɗaki ne. Don Luba ne. Don alkawari ne.

Da gangarar Kwatarkwashi fa?

Kai, Arzika. Ji kunya mana. Mutum da furfura a gemu… Amma gaskiya ce, in ya kwanta ba fuskar kowa yake gani ba kafin barci ya ɗauke shi, hanya yake gani, ja, tana shigowa ƙarƙashin taya. Laifi ne? Wanda ya yi rabin ransa yana kallon dugadugan wani, laifi ne in ya so iska? Allah ya sani bai roƙi wannan daɗin ba. A hanya ya tsince shi.

Rafi. Damina ta tafi amma ruwan bai gama janyewa ba. Ya sauka, ya naɗe wando, ya saɓa keken a kafaɗa. A kafaɗa, ba a ka ba. Kai ya gama nasa. Ruwan sanyi har cinya, ƙananan kifi suna cizon ƙauri. Ka ɗauke ni tun asuba, bari in rama maka. Gwiwar hagu ta ce ƙas da ya taka gaɓa. Ba komai. Ta fara yi tun kwanan baya. Ba komai ba ne.

Gusau ta tashi. Ƙamshin ƙosai, jakuna da buhunan gyaɗa a ƙofar kantuna, wani Bayarabe yana share gaban shagonsa ya ɗaga masa tsintsiya. Mata masu ɗiban ruwa suna buɗa masa hanya. A da in ya shigo garin nan babu mai ganinsa, buhu ake gani da ƙafafu. Yanzu har mahauta suna cewa, ga mai keken Tsafe. Mai keken Tsafe. Sunan ma da daɗi a baki.

A nan ya kamata a ce ya iso. Kwanan baya a nan ake isowa. Yanzu sai ya karya dama, ya bi gefen dogo ya yi arewa, inuwa ta bar gaba ta koma gefe, ta gajarce. Babu hanya a nan, sawun lebura ne kawai da rairayi. Taya tana nutsewa. Taka. Numfashi yana fita da ƙara. Ƙarafan biyu suna sheƙi, sun miƙe cikin saura da kututturan gero, ba su san gajiya ba.

Ga inda suka tashi jiya. Ga tokar wutarsu, ga tukunyar da ta fashe. Babu kowa. Gaba kuma.

Yaya aka yi suka yi nisa haka a yini guda? Jiya fa… jiya an yi aiki. Ya iso da iskar gangara a ƙirji, bai ko sha ruwa ba ya hau kan tarin ƙasa ya ɗauko musu waƙa. Aikinsa ke nan, shi ya sa Helma yake rufa masa asiri: ƙarfen dogo ba ya ɗaguwa sai hannaye sun tashi tare, hannaye kuwa ba sa tashi tare sai da mai ba da waƙa. Yana bayarwa suna amsawa, a kan amshi ƙarfe ya tashi, a kan amshi ya sauka. Ranar da zuciyarsa ta yi fari waƙar takan yi sauri, su ma su yi sauri, har Bature ya cire hula ya goge goshi yana murmushi. Kuma tun da ya sami keken nan wace rana ce zuciyarsa ba ta yi fari ba?

Ƙafarsa ta zame daga feda.

Ya tsaya. Ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. Ashe… ashe ba gudunsa dogon yake yi ba. Shi ne. Shi yake tura shi. Kowane ƙarfe da ya tashi a kan muryarsa, tsakaninsa da Luba yake sauka. Da bakinsa yake ƙara wa kansa hanya, kullum, yana murna.

Dariya ce take son fitowa ko mene ne? Ƙirjin ya cika, babu wurin ko ɗaya.

Can gaba sun hango shi. Ga su a jere gefen sabon ƙarfe, sun sunkuya, hannaye a ƙasa, suna jira. Helma Sabiru ya kare rana da tafi yana duban bayan keken, yana son ya gane ko akwai abin da aka ɗauro. Wani daga cikin lebura ya miƙe ya haɗa hannu a baki.

"Arzika, ƙarfe ya yi nauyi. Ba mu waƙa."

Yana da wata waƙa mai nawa, wadda suke yi da Labbo in rana ta take, mai jan ƙafa, wadda za ta sa a yini ba a kai waccan tsamiyar ba. Yana da ta jiya kuma, mai saurin nan, tana nan a maƙogwaro tun daga gangara, tana bugun haƙora tana son fita.

Ya buɗe baki. Numfashin bai iso ba tukuna…