Gonar Doyar Mama

Ruwan sama ya yi jinkiri a ƙauyenmu na kusa da Zaki Biam, ga shi duk irin doyar da muke da shi mun riga mun binne. Idan rana ta dafa shi a cikin ƙasa, bana ba mu da girbi. Tun da na dawo daga jami'a ba aiki, tunanin nan ya hana ni sukuni.

Kowace safiya sai in zagaya bayan gona, in ɗaga hular ciyawar da muke ɗora wa kowane tudu, in tona da yatsa in ga ko irin na da rai. Ranar da Mama ta kama ni, na riga na karya wani ɗan farin tsiro.

"Iveren, digirin tonon doya aka ba ki?" in ji ta. Muryarta duk gajiya.

"Tsoro nake ji, Mama."

"Ni ma ina ji. Amma ranar shuka mun durƙusa a nan mun danƙa wa Ubangiji gonar nan. Ke kuma kullum sai kin zo kin karɓe ta daga hannunsa."

Ta mayar da ƙasar, ta ɗora ciyawar, ta danne da hogen ƙasa. Muka yi gajeriyar addu'a cikin sunan Yesu, a tsaye, don gwiwoyinta na ciwo.

Washegari ma babu ko alamar hadari. Na je bakin gona na daɗe a tsaye, hannuwana a baya. Ban taɓa tudu ko ɗaya ba; daga nan na ɗauki bokiti na nufi rijiya ɗebo ruwan gida.