Rumfar Sandunan Bra Fanyana

Ranar da na je duba aminina Bra Fanyana a asibiti, ban same shi yana zancen ciwonsa ba. Mutum ga robar iska a hanci, ga ƙarin ruwa a hannu, amma wai abin da ya dame shi rigar asibitin da aka sa masa ba ta da kwala, kuma ta baya ake ɗaure ta kamar ta jarirai.

"Motsamai, matso kusa," in ji shi. "Idan na tafi, kai za ka tsara mini rumfar sanduna. Kada ka bar yaran nan su tsaya mini da kayan barcinsu. Riga mai kwala da zanzaro, kowa da kowa. Wanda bai sa ba ya tsaya daga gefe."

"Kai dai warke tukuna, tsohon banza, ka zo ka kore su da kanka."

"Ba wasa nake ba. Ba ni hannunka."

Na ba shi. Ya riƙe da ɗan ƙarfin da ya rage masa, har sai da na ce na yi alkawari. Mako bai zagayo ba ya cika.

A kulob ɗinmu na golf, duk wanda ya rasu, idan za a fito da shi daga coci sai mu yi layi biyu muna fuskantar juna, kowa ya ɗaga sandarsa, kawunan sanduna su haɗu a sama, akwatin gawar ya wuce ta ƙarƙashi. Fanyana ne ya kawo wannan al'ada, shi yake tsara ta, kuma bai taɓa barin mai yamutsattsiyar riga ya shiga layi ba.

Ni da shi tun muna yara muke ɗaukar wa Turawa jakar sanduna, ƙafa ba takalmi, a zamanin da baƙar fata bai isa ya buga ƙwallo a fili ba, sai dai ya nemo ta cikin ciyawa. Da aka buɗe mana ƙofa daga baya, mun san ido a kanmu yake, ana jiran ranar da za a ce ga shi nan, dama an faɗa. Shi ya sa Fanyana ya ɗauki sutura da zafi. Karin gugar wandonsa sai ka ce zai yanki mutum. Kowace Asabar yana tsaye inda ake fara wasa, yana duban mutane daga hula har takalmi. Ni kaina ya taɓa mayar da ni mota don safata ba fara ba ce, kuma a motar tawa muka zo.

Sai ga yaran nan. Wani makaɗin amapiano, kiɗan da matasa ke yayi, ya yi bidiyon waƙa a filin golf, shi ke nan, duk wani mai ji da kansa a garinmu Daveyton ya sayi sanduna. Suka cika mana fili da riguna masu hula, da wanduna buhu-buhu, da kambas kala-kala, ga sifika rataye a jaka tana dum-dum, mutum na shirin bugu ƙirjinsa na amsawa. Kwamiti ya duba ya ga mu tsofaffi kullum raguwa muke, sai ya sassauta doka. Abin haushin kuma, wasu daga cikinsu sun iya bugu, wallahi sun iya.

Mai ɗinka musu kayan ba kowa ba ce illa Nokwanda, jikar Fanyana, wadda ya raina a gidansa tun rasuwar uwarta. A garejinsa ta kafa kekunanta. Idan ta kawo masa sabon ɗinki, sai ya juya shi, ya shafa, ya ce, "Madalla, 'yar gidana, hannunki na da kyau." Sai mun shiga mota ya soma tsaki, ba zai daina ba har mu isa. Mutumin da ba ya shakkar kowa a fili, bai taɓa iya gaya wa yarinyar nan gaskiya ba.

Cikin makon zaman makoki na bi tsofaffinmu ɗaya bayan ɗaya a waya. Wannan yana keken guragu, wancan 'yarsa ta ɗauke shi zuwa Polokwane, Bra Zakes kuwa ya ce zai zo, amma hannunsa ba ya wuce kafaɗa. Waɗanda suka amsa ba mu kai mu rufe ƙofar coci ba, balle a ce rumfa.

Na sami Nokwanda a bayan tantin 'yan zaman makoki tana zuba wa baƙi shayi, idanunta sun kumbura.

"Baba Motsamai, kada ka damu da rumfa," ta ce tun kafin in yi magana. "Duk yaranmu za su zo. Kaka zai sami rakiyar da ba a taɓa yi wa kowa ba."

"Da kwala da zanzaro, ko?"

"Ai mun yi abin da ya fi haka, Baba. Sai ka gani."

Aka kira ta daga ɗakin girki, ta ajiye buta ta tafi. Na tsaya da kofi a hannu kamar wanda ya ɓata hanya.

Sai na shiga wurin MaKhoza, matar marigayi, tana zaune a katifar makoki lulluɓe da bargo. Na durƙusa na gaya mata alkawarin da na ɗauka, ban rage komai ba.

"Na sani, Motsamai," in ji ta. "Ni nake masa guga, kai za ka gaya mini halinsa? Amma yarinyar nan tun ranar da ya cika ba ta sauka daga kan keke ba, tana ɗinki tana kuka. Je ka gaya mata kakanta ya tsani abin da take yi. Ga ta can, je ka. Ni dai bakina ba zai iya ba."

"To shi fa? Ya riƙe hannuna."

"Ai da hannun jikarsa ya riƙe."

Ranar Asabar aka tashi da sanyi mai shiga ƙashi, don Yuni ne tsakiyar hunturu a ƙasarmu. Na sa kwat ɗin kulob, na goge takalmi, na isa coci da wuri. Ina tsaye sai ga jerin motoci, kiɗa ƙasa-ƙasa, suna isowa suka kashe. Suka fito samari da 'yan mata, sun fi ƙarfin harabar, kowa da sandarsa, kowa cikin baƙar riga mai hula iri ɗaya, an rubuta FANYANA da zaren zinariya a ƙirji. Ko kwala ɗaya babu. Suka biyo layi suna gaishe ni da hannu biyu, suna cire hula.

Katlego, wanda ke sa musu kiɗa a wuraren biki, ya dube ni sama da ƙasa. "Kai, Baba! Yau ma ka kashe mu da gayu. Wannan karin wando ai sai da lasisi."

"Kai kuma wa ya sace maka bel?"

Ya yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya, ya share ido da hannun riga. "Tsohon nan ya gyara mini riƙon sanda, Baba. Yana zagina yana gyarawa."

Da rashin kunya suka zo, da na ji daɗin korarsu. Na ratsa su na nufi Nokwanda, maganar tana bakina, na ma tsara yadda zan fara. Tana ganina ta kama hannuna.

"Kullum yana cewa hannuna na da kyau. Kana wurin ai, Baba, ka ji shi."

"Na ji shi."

"Shi kaɗai ne bai taɓa raina aikina ba."

Na dubi fuskarta, na dubi ƙofar coci inda akwatin yake. Duk inda na juya sai na ci amanar wani, kuma ɗayansu ba zai sake jin zafi ba. Na ce mata su shiga, fasto zai fara. Raina ya ɓaci ƙwarai, har da Fanyana da ya bar mini aikin da shi ya kasa.

Da lokacin fita ya yi, abin da kawai na iya shi ne na sa tsofaffinmu a bakin ƙofa, don akwatin ya fara cin karo da kwala. Bra Zakes ya tallafe gwiwar hannunsa da ɗaya hannun, sandarsa na rawa. Daga bayanmu yaran suka ɗauka, layi ya miƙe har bakin titi, sanduna na ƙyalli. Ban taɓa ganin rumfa mai tsawonta ba. Akwatin ya wuce ta gabana, na ce a zuci, yi haƙuri mutumina, iyakar ƙarfina ke nan.

Aka sauke sanduna, kowa ya juya don bin gawa. Sai a lokacin na ga bayan rigunan.

Hotonsa ne, babba, daga kafaɗa har ƙugu. Na san hoton, na ranar da ya ci kofin dattawa ne, yana dariya har da wushiryarsa. Amma sun gyara shi da kwamfuta. Sun cire masa kwat, sun cire kwalar, sun sa masa riga mai hula irin tasu, da malafar yadi a karkace, da abin jin kiɗa rataye a wuya. Duk rigar da na duba bayanta, shi ne, yana mini dariya cikin kayan da bai taɓa sawa ba. Rigunan kuma masu kauri ne, ɗinkin Nokwanda ba ya saurin mutuwa, za a daɗe ana yawo da su a fili da gari.

Wata mata 'yar cocinsu da ke tafiya kusa da ni ta ɗaga tabarau ta ƙura wa hoton ido.

"Ikon Allah," ta ce. "Ashe haka marigayin yake ɗan zamani? Ban taɓa sani ba."

Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai mata suka ɗauki waƙar rakiya, jama'a suka turo daga baya. Na bi su.